Dilkar da Na Kai Hawasha

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Talata, ba zan taɓa mantawa da wannan lokacin ba. Mu uku ne a ɗaki: ni, ƙanwata Sa'adiyya, da Hajja Batula mai dilka da aka ɗauko daga Hasahisa. Saura kwana uku auren ɗana Usman.

Ni mace ce mai tsari, komai nawa da lokacinsa, kuma dilka ba ta cikin tsarina. Sa'adiyya ce ta matsa, wai kada dangin amarya 'yan Wad Madani su ga uwar ango da fata kamar bayan kada. Hajja Batula ta murje ni tun daga goshi har dunduniya (ashe akwai wani launi a ƙasa, ban sani ba). Da ta gama ta ce, "Ya Hajja, kwana ukku ba ke ba rana. Fatag ga sabuwa ta, kamar ta jinjiri."

Na ce, "Ni da aka haifa a hawasha, tsakiyar gona? Halas, shi ke nan, na ji."

Laraba ce ranar ba gonarmu ruwa, kuma ban taɓa bari a buɗe shi ba na wurin ba. Na fita ƙarfe goma, na tsaya kan ma'aikata har azahar, mayafi a kafaɗa. Da la'asar fuska ta ɗau zafi. Alhamis ta kumbura. Juma'a, ranar biki, ta fara ɗayewa kamar ɓawon albasa.

Na ja mayafi har hanci na fito tarbar baƙi. Ana zuba shayi sai kakar amarya, tsohuwa mai nauyin kunne da ba ta iya magana a hankali ba, ta rungumo ni. Mayafi ya zame. Ta ƙura mini ido.

"Subhanallahi! Ɗiyata, da girmanki kike shafa kirim ɗin fari? Wa kike son burgewa?"

(Ni da na yi shekaru ina ƙwace shi a hannun 'yan matan ƙauyenmu ina jefawa a rafi.) Kuma duk 'yan matan suna wurin. Kowace ta sunkuyar da kai kan kofinta, kafaɗu na rawa. Na buɗe baki zan yi bayani daki-daki, tun daga Talata, Sa'adiyya ta take mini ƙafa.

Abin da na koya: rana ba ta tambayar inda aka haife ki kafin ta ƙona fatar da aka murje. Idan kin yi dilka, ki nemi inuwa ki zauna. Kuma idan hanya ta kai ki Wad Madani kika haɗu da tsohuwar nan, don Allah ki matsa kusa da kunnenta ki faɗa da ƙarfi: dilka ce.