Yadda Ake Kiwon Teku a Gidan Rumji

Kai mai karatu, matso kusa. Ka gaji da kiwon tumaki kamar kowa? Zabi sun gundure ka? To hanya ta samu. Yau zan koya maka yadda za ka ɗauko teku, da kifayensa masu launi da murjaninsa mai rai, ka zuba a akwatin gilashi, ka girke a tsakar ɗakinka a nan Gidan Rumji, garin da gulbinsa ma sai damina yake tunawa shi gulbi ne. Na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan daki-daki, sunanka zai zaga gari, kifi zai zauna a akwatinka, matarka kuma za ta zauna a ɗakinta. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar, kuma a kansa Balarabe ya kusa yin asarar da ba ta da gyara.

Ni ban taɓa ganin teku ba, amma kada wannan ya dame ka. Katanga ɗaya ce tsakanina da Balarabe, kuma katangar gajera ce.

Mataki na ɗaya: Ka je ka gano abin a gidan wani

Ba a haifar mutum da wannan ciwo, ɗauko shi ake yi. Balarabe ya ɗauko nasa a Kwatano, birnin bakin teku, inda ya je cin rani ya sami aiki a gidan wani attajiri. Aikinsa goge gilashi da ba kifi abinci. Duk ranar da kewar gida ta taso masa, sai ya tsuguna gaban akwatin yana kallon wani ɗan kifi ruwan lemu mai ratsin fari, har zuciyarsa ta kwanta.

Ya dawo gida, ya buɗe ɗan butiki, wato kanti, ya auri Husaina, ɗiyar Malam Jaye na garin Sae Sabuwa. Yana sonta ƙwarai, son da ba ya iya ɓoyewa ko gaban abokai, abin kunya ga mutum mai gemu. Amma gilashin nan bai fita ransa ba. Kai ma kada ka bari ya fita naka.

Mataki na biyu: Ka gaya wa uwargida ƙaramin abu ne

Kada ka ce teku. Ka ce ɗan kifi.

"Kihi?" in ji Husaina. "Na miya?"

"Na kallo."

"Kihin da ba a ci, mi amfaninai, Malam?"

"Kwanciyar hankali."

"Ni da nike zaune gabanka, hankalinka bai kwanta ba?"

Idan aka yi maka irin wannan tambaya, ka yi tari, ka ce ana jiranka a butiki. Haka Balarabe ya yi.

Kafin ka fita, ka lura da abubuwa biyu na Husaina, domin za ka buƙace su nan gaba. Na farko firigonta, inda take haɗa ƙanƙara da zoɓo tana sayarwa. Na biyu randar da ke gindin darbejiya, wadda marigayiya mahaifiyarta ta zaɓa mata da hannunta kafin biki. Duk unguwa an san sanyin ruwan randar nan, kuma Husaina ba ta bari kowa ya wanke ta sai ita.

Mataki na uku: Ka raina gishirin garinku

Kada ka kuskura ka sa gishirin miya. Kada ka sa kantun da ake ba shanu su lasa, balle kanwa. Kifin teku ɗan gata ne, nasa gishirin a buhu yake zuwa daga bakin ruwa, kuma sai ka lallashi Usaini direban babbar mota ya sako maka shi ƙarƙashin kaya.

Ruwan ma haka. Na rijiya bai yi ba, na famfo bai yi ba. Ruwan leda za ka saya, ka zauna da reza kana farkewa ɗaya bayan ɗaya har yatsunka su yi kanta. Iyalinka su ci gaba da shan na 'yan garuwa. Masana sun tabbatar cewa cikin ɗan Adam yana da haƙuri, na kifi ba shi da shi.

Mataki na huɗu: Ka yi kiwon duwatsu

Nan ne ake gane namiji. Bayan ka cika akwati, ka jera duwatsun teku a ciki, ka kunna shuɗiyar fitila da ɗan injin da ke motsa ruwa, sai ka jira makonni ba kifi ko ɗaya. Wai ruwan ne yake nuna.

Mutane za su zo kallo. Sun zo wa Balarabe har da masu goyo. Suka leƙa, suka ga duwatsu cikin shuɗin haske, suka kalli juna.

"Ina kihin?"

"Bai iso ba tukuna. Amma duwatsun nan rai gare su," in ji Balarabe cike da alfahari. "Akwai halittu ciki waɗanda ido bai gani. Su nike ciyarwa."

A'uzubillahi! Kafin la'asar labari ya kai kasuwar hatsi cewa Balarabe ya dawo da iskoki daga Kwatano, ya gina musu ɗaki, har da fitila. Mata suka rage aiko sayen zoɓo. Ka ga alkawarina na farko ya cika: suna ya zaga gari.

Mataki na biyar: Ka yi faɗa da bazara

Kifaye da murjani suka iso cikin leda, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya tun a hanya. Waɗanda suka rage, har da ɗan ruwan lemu mai ratsin fari irin na gidan attajiri, Balarabe ya sake su a ruwa, kuma wallahi sun yi kyau. Har Husaina ta tsaya da muciya a hannu tana kallo, ta ce, "Ikon Allah." Ka riƙe wannan rana da kyau, domin ba za a sake irinta ba.

Abin da ba a gaya maka a Kwatano shi ne kifin teku ba ya son zafi, mu kuwa nan bazara ba ta san wasa ba, masu wuta kuma sun fi son ɗaukewa lokacin da rana ta take. Saboda haka ka juya fanka daga gado zuwa akwati. Ka cire batirin fitilar tsakar gida ka ba injin ruwa. In duk bai isa ba, ka buɗe firigo ka kwashi ƙanƙara ka jera a kan ruwa. Kada ka tambaya. Tambaya tana jawo amsa.

Murjani ya yi fari fat ya mutu. Kifaye suka riƙa juya ciki sama, har ya rage ɗan ruwan lemun nan shi kaɗai. Ranar kasuwa masu sayen ƙanƙara suka yi layi a ƙofa, Husaina ta buɗe firigo ta tarar wayam. Ba ta yi ihu ba. Ta kulle firigon, ta ɗaure makullin a bakin zane, ta yafa mayafi.

"Malam, ni na kwana cikin zuhwa don kihi shi sha iska, ban ce komi ba. Yau ka kunyata ni gaban mutane. Za ni gida. In kihin ya iya tuwo, shi tuƙa maka."

Mataki na shida: Ka yi amfani da abin da aka bari

Balarabe ya ji tafiyar nan har cikin ƙashinsa. Ya rame, ya daina zaman majalisa, ina jin shi ta katanga yana yi wa kifi magana. Amma kiwo ba ya jiran mai baƙin ciki. Kowane mako dole a ɗebe wani ruwan a zuba sabo, sabon kuma dole a haɗa shi da gishiri ya kwana, ya yi sanyi. Firigo a kulle. To ina sanyi ya rage a gidan?

Ka gane. Ka kwashe ruwan randa, ka cika ta da ruwan teku, ka mayar da faifai ka rufe. Ka gaya wa kanka za ka wanke ta tas kafin mai ita ta dawo. Duk wanda ya taɓa lalata abin wani ya san daɗin wannan magana.

Mataki na bakwai: Ka aika biko, amma kada ka shirya

Balarabe ya tura kawunsa Habibullahi Sae Sabuwa da goro da ban haƙuri. Kawu ya dawo da labari mai daɗi da mai ban tsoro a haɗe. Husaina za ta dawo. Amma Malam Jaye ya ce tunda uwarta ba ta da rai, shi da kansa zai rako ta, ya ga gidan da idonsa. In ya ga abin da bai gamshe shi ba, da ita zai koma, kuma ba sauran biko.

Aka ce sai bayan kasuwa. Balarabe ya ce ai da sauran lokaci.

Mataki na takwas: Ka yi shiru

Ranar kasuwar ce, rana tsaka, sai ga baburan kabu-kabu biyu a ƙofar gida. Tsoho ya sami abin hawa da wuri, bai ga dalilin jira ba. Balarabe ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya cire takalmi, ya tsuguna can gefe kai a ƙasa, yadda suruki yake yi.

Husaina kuwa ta wuce cikin gida kai tsaye. Ba wanda ya aike ta. Macen da ta dawo ɗakinta da zuciya ɗaya, abin da take fara yi ke nan: ta ba baƙo ruwa. Ta fito da kwanon sha, ta durƙusa gaban mahaifinta, fuskarta a sake.

Balarabe ya ga raɓar sanyi a jikin kwanon, ya gane daga inda aka ɗebo. Wuri ɗaya ne kawai ruwa yake da sanyi a gidan nan. In ya ce "Baba, kada ka sha," ya faɗa da bakinsa, gaban uba da 'ya, abin da ya zuba a randar marigayiya. In ya yi shiru, tsoho zai kurɓa ya tofar, magana ta fito da kanta. Ya buɗe baki, harshe ya ƙi. Tsoro ne ya kama shi, ba ladabi ba, kada wani ya yaudare ka.

Malam Jaye ya yi bisimilla ya kai kwano baki. Maƙogwaronsa ya motsa sau ɗaya ya tsaya. Idanunsa suka kawo ruwa. Ta saman kwanon ya dubi Balarabe, sannan ya dubi ɗiyarsa da ke durƙushe tana jiran ya sha ya miƙo mata saura, don ita ma ta sha hanya.

Sai tsohon nan ya ci gaba da sha. Ya sha, ya sha, jijiyar wuyansa ta miƙe, bai sauke ba sai da ya ga gindin kwano. Ya kife shi a kan tabarma, ya goge gemu.

"Alhamdu lillahi," ya ce, murya a shaƙe. "Randar uwarki har yanzu da sanyinta. Na sha ruwan gidanga, magana ta ƙare. Tashi ki gaida maƙwabta tukuna, su san kin dawo."

Da ta fita, ya juyo, karo na farko da ya taɓa yi wa surukinsa magana ido da ido.

"Yaro, kahin ta ji ƙishirwa, ka san aikin da za ka yi."

Ko akwatin bai leƙa ba. Ya hau kabu-kabu ya tafi. Mai babur ɗin ya gaya mini daga baya cewa bai taɓa tsayawa a hanyar Sae Sabuwa sau da yawa kamar ranar ba, kuma duk tsayawar a bayan geza ce.

Mataki na tara: Ka wanke abin da ba ya wankuwa

Balarabe ya kwashe, ya ɗauraye, ya sake ɗaurayewa, ya kira ɗan garuwa ya cika. Amma randa yumɓu ce, abin da ta sha ta sha. Da la'asar Husaina ta ɗebo a moɗa, ta kurɓa, ta tsaya cik. Ta dubi farin gishirin da ya feso a jikin randar. Ta je zaure ta ɗauko kwanon da aka kife, ta lashi bakinsa.

"Duka ya shanye?"

"Duka."

Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Da ta share ido ta ce, "Ba don kai zan zauna ba, Malam. Don kada ruwan da tsohona ya sha shi tahi banza."

Balarabe ya shiga ɗaki ya juya fanka ta koma fuskantar gado, ya cire batir ya mayar tsakar gida. Ya san abin da hakan yake nufi. Washegari ɗan ruwan lemun ya juya ciki sama, shi kuma ya binne shi gindin darbejiya, ya yi hawaye, ban kuma yi masa dariya ba.

Akwatin yana nan a ƙofar butiki. Husaina tana jera soyayyen kifi a ciki, ƙuda ba ya shiga, shuɗiyar fitila tana jawo masu saye. Ka ga duk alkawurana sun cika.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a mutuwar kifi, ko fushin mata, ko ciwon cikin dattawa. Duk wanda ya bi matakan nan ya bi don kansa, kada ya zo mini da ƙara. Musamman ban ɗauki alhakin mataki na takwas ba, domin gishiri da gilashi Usaini zai kawo maka daga Kwatano, amma surukin da zai shanye kwanon ba ya cikin kayan da ake sayarwa. Randar kuma har yau da ɗan gishiri-gishiri. Husaina ta hana a sake ta, kuma daga ita take ba Balarabe ruwa.