Tayar da Ta Kwana a Kan Tabarma

Ni ban taɓa tuƙa babur ba, kuma ba yanzu da furfura zan fara ba. Amma ƙofar gidana a daidai kwanar Rimi take, inda titi ya lanƙwashe kamar lauje kafin ya gangara masallacin Juma'a, kuma a nan nake toya waina tun kafin a zuba wa hanyar kwalta. Duk wanda ya faɗi a kwanar nan, a gabana ya faɗi. Na ga mai gudu, na ga mai waya a kunne, na ga wanda akuya ta gitta wa. Cikinsu duka babu wanda ya yi wa faɗuwarsa tanadi da shiri irin Barau.

Barau ɗan kawuna ne, wato taubashina, don haka tun muna yara ba ma raga wa juna. Yanzu ya tsufa, gemu ya yi fari, amma son a gan shi yana nan yadda na san shi. Yana da wani tsohon babur, kuma shekara da shekaru shi ke ɗaukar Malam Babba zuwa masallaci duk Juma'a. Malam Babba tsohon limamin unguwarmu ne, ƙafa ta yi rauni, ido ma ya rage. Gidansa na kallon nawa, da an karya kwanar. Wanda bai san unguwarmu ba zai ce ɗaukar tsoho a babur ai wahala ce. A wurinmu muƙami ne. Mai ɗaukar Malam shi ake buɗe wa hanya, duk gaisuwar da aka yi wa Malam rabi a kansa take sauka, kuma a sahun gaba yake zama, kafaɗa da kafaɗa da manya.

Wata Juma'a babban ɗan Malam ya sunkuya ya duba tayoyin Barau, ya tarar sun suɗe sumul kamar tafin hannu, har zare ya fara leƙowa. Ya ce ba zai ƙara ɗora mahaifinsa a kan wannan ba. A ranar Haladu mai yadi, wanda baburinsa ko ledar kujera ba a cire ba, ya gaji muƙamin. Aka sallami Barau da cewa ranar da ya sa taya ta kirki ya dawo a duba.

Barau ya rame. Waina ma da yake ci biyar ya koma biyu. Daga ƙarshe ya kama tunkiyarsa ya kai kasuwa, ranar Laraba sai ga shi da sababbin tayoyi, gaba da baya, a rumfar Sallau mai faci da ke gefen tandata. Ina jin su.

Da Sallau ya gama ɗaurawa ya goge hannu ya ce, "Baba Barau, ga shi, amma ka bi ta a hankali. Sabuwar taya da santsinta take zuwa, akwai wani maiƙo na kamfani a jikinta kamar kakin zuma. Ka yi ta yawo da ita a miƙe, yau da gobe, har kwalta ta cinye ƙyallin nan. Kafin nan kada ka kwantar da babur a kwana, kada ka danne birki da ƙarfi."

Barau ya dube shi kamar ya zage shi. "Ƙyallin ya cinye? To me na saya ke nan?"

"Taya ka saya, Baba."

"Idan ƙyallin ya tafi, da me ɗan Malam zai gane sabuwa ce?"

"Ai ga zanenta nan raɗau."

"Tayar gwanjo ma tana da zane. So kake Haladu ya ce kwance na sayo?"

Sallau ya ɗaga kafaɗa ya koma kan aikinsa. Ni kuwa ina kallo Barau ya kira mai amalanke, aka ciccibi babur aka ɗora, aka tura shi har gida kamar mara lafiya, shi yana biye a ƙasa yana cewa a kula da rami. Daga baya matarsa Ladidi ta ba ni labarin sauran. A zaure ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye baburin a kai, ya lulluɓe tayoyin da tsohon zanenta. Ɗan gashin nan na roba da ke tsirowa a jikin sabuwar taya, ya ce duk jikan da ya tsinke masa ɗaya zai gamu da shi. Kasuwa a ƙafa ya je. Gaisuwar rasuwa a ƙafa ya je. Mutum da babur da sababbin tayoyi, yana tafe yana share gumi.

Ranar Alhamis da yamma sai ga shi a wurina da gwangwanin madara a hannu.

"Tabawa uwar rowa, ɗan tsiyaya min man gyaɗa."

"Ladidi ta daina girki ne?"

"Ba na miya ba ne. Tayoyin nan na ga kamar sun ɗan dushe. So nake in shafa musu su fito sosai gobe."

Na ajiye cokalin juya waina na dube shi da kyau, ko wasa yake. Ba wasa yake ba.

Na ce, "Barau, santsin da aka ce ka rage shi za ka ƙara?"

"Ke me kika sani a harkar babur? Ko keke ba ki taɓa hawa ba."

"Ban san babur ba. Amma na san abin da ya sa nake zuba wa tanda mai. Don kada waina ta kama ne. Kai kuma so kake taya ta kama titi."

"Taya ba waina ba ce."

"Gaskiyarka. Waina ni nake kifar da ita da gangan."

Ya ce baƙin ciki nake yi masa, tun muna yara haka nake, ko ranar da aka saya masa takalmin salla sai da na taka masa shi. Na ce na taka, kuma da zan sami tayar nan ita ma sai na take ta a cikin yashi, don shi ne gatan da za a yi mata. Ban ba shi man ba. Ya tafi yana ƙunƙuni.

Da safiyar Juma'a Ladidi ta shigo karɓar wainar sadaka tana mita, wai kwalbar man gyaɗarta da ta bari cike ta tarar da ita rabi, kuma ɓera ba ya buɗe murfi. Nan take na ƙudurta a raina, idan Malam Babba ya ɗaga ƙafa zai hau baburin nan, ni zan tsaya a gabansa in tare hanya, ko da za a ce tsohuwa ta yi rashin kunya a gaban malamai. Barau idan ya ga dama ya karya nasa ƙashin. Na Malam ba zai ɗoru ba.

Da rana ta take, mutane suka taru a dakalin ƙofar Malam kamar yadda aka saba, kowa da darduma a kafaɗa. Haladu ya riga ya iso, ya kafe baburinsa, ledar kujera na ƙara a iska. Aka fito da Malam ana riƙe da hannunsa. Sai muka ji ƙugin babur daga sama.

Barau ne, cikin babbar riga mai sitati, hula a karkace. Tayoyin kuwa, in faɗi gaskiya, sun yi kyau. Baƙi wuluk suna walƙiya, har ƙuda na bin su. Da farko a hankali yake tahowa, yana ba mutane lokaci su gani. Da ya bi haka har ƙofar, wataƙila da ya tsira. Amma ya hango Haladu ya karɓi buzun Malam yana shimfiɗawa a kujerar baya. Nan ya murɗa totur. Ya shigo kwanar da gudu, ya kwantar da babur gefe irin yadda samari ke yi, har da fito da gwiwa.

Ko ƙara tayar ba ta yi ba. Ta dai zame daga ƙarƙashinsa salin alin, kamar an janye tabarma. Babur ya yi gabas, hula ta yi yamma, Barau ya taho a kan babbar rigarsa yana sharar titi har gaban dakali, ya tsaya daidai ƙafafun jama'a. Baburin ya wuce ya faɗa lambatu ya kife, tayoyi biyu a sama suna juyawa, suna ƙyalli a rana.

Aka yi salati aka rufu a kansa. Allah ya taƙaita, babu karaya. Gwiwar hannu ta ƙuje, wando ya yage, sitati ya sha ƙasa.

Malam Babba, da bai ga abin da ya faru ba sai dai ya ji, ya ce, "Wane ne ya iso?"

Aka ce, "Barau ne, Allah gafarta Malam."

"To, sannu da zuwa. Da sauri haka?"

Babban ɗan Malam mutum ne mai cika alkawari. Ya ce zai duba taya, sai da ya duba. Ya taka har bakin lambatu, ya tsayar da ta gaban da hannu, ya duba zanenta, ya duba gashinta. Sannan ya kalli tafin hannunsa, ya kai hanci.

Ya ce, "Sabuwa ce kam. Har da ƙanshin ƙuli-ƙuli."

Haladu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Aka ɗora Malam a baburinsa, Malam ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ce a tafi kada a rasa huɗuba. Suka gangara a hankali, jama'a suka bi su. Barau na zaune a ƙasa yana kallon buzun Malam na nisa a bayan wani.

Ni na kama shi na zaunar a kan turmina. Na jiƙa tsumma da ruwan gishiri na danna masa a ƙujewar, kuma ban danna a hankali ba. Sallau ya tsallaka ya jawo baburin daga lambatu, ya turo shi gabanmu, madubi ɗaya na reto.

Barau ya nuna shi da yatsa. "Kai ne. Jabu ka ɗaura min."

"Baba, ai kai ka sayo abarka."

"To masu kantin ne macuta. Tunkiya sukutum na sayar. Tsohuwar tayata da kuke zagi, shekara nawa tana bin kwanar nan ba ta taɓa kayar da ni ba?" Ya juyo gare ni yana huci. "Tabawa, ke da kike ganin komai, ki faɗa min. A ina kika taɓa jin sabuwar taya fil ta kasa riƙe ƙasa?"

Na matse tsumman na ce, "A amalanke ka kai ta gida, a kan tabarma ka kwantar da ita, ka lulluɓe ta da zane. Ita da ƙasar, a ina suka san juna?"