Rasuwar Baaba, Kwamfutar da Kibiya Ta Yi Ajalinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu jajur, ni Abdulmutalib, sakataren ƙungiyar manoman gyaɗa ta Rogo da Karaye, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da Baaba. Ta cika ranar Laraba bayan la'asar, a kan cinyata.

Marigayiya mai biyayya ce. Sai dai in rubuta mata a layi cewa wane na haɗe da wane, ita kuwa ta fito da zane tsaf, kowane manomi cikin da'irarsa, mutanen kowane ƙauye cikin akwatinsu, Fulatan daban, Kafin Dafga daban. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, in ban da fuuuu idan zafi ya yi yawa.

Ciwon ajali ya faro ne daga rabon taki. Na umarce ta ta ja kibiya daga rumbun taki zuwa akwatin ƙauyen Ruwan Bago baki ɗaya. Ashe kibiya ba ta san tsayawa a bakin akwati ba, sai ta sami mutum. Ta huda katanga, ta ratsa jama'a, ta sauka a kan wani manomin ƙauyen, Malam Sulle. Aka manna zanen a ofis. Washegari Malam Sulle ya iso da amalanke, yana nuna kibiya da yatsa, ya kwashe takin ƙauye guda. Mutanen Ruwan Bago suka daina amsa sallamata.

Na goge Sulle, kibiya ta koma kan Baraka mai ƙuli-ƙuli, wadda ba ta ko noma. Na ƙirƙiro wani mutum da ba a gani, na tsugunar da shi a bakin akwati don kibiya ta same shi, sai shugaban ƙungiya ya ji labarinsa, ya ce lallai mutumin ya zo taro ya gabatar da kansa.

A ƙarshe Kabir mai gyaran kwamfuta ya koya mini kalmar da ke tsayar da kibiya a kan iyaka. Na rubuta. Baaba ta yi fuuuu mai tsawo, kibiya ta tsaya cak a bakin akwati, na gani da idona. Sai Baaba ta yi ƙit, fuskarta ta yi baƙi, ban kai ga adana aikin ba.

Ta bar caja mai ɗaurin salatif, da linzami ɗaya, wato maus, mai ciwon ɓarin dama. Batiri ya riga ta gidan gaskiya tun bara.

Za a kai ta shagon Kabir a kasuwar Karaye gobe da hantsi, inda za a cire abin da zai amfani na raye. Zaman makoki a ƙofar ofis ne, kowa ya zo da tabarmarsa. Mutanen Ruwan Bago da suka aiko cewa suna nan tafe, ana roƙonsu don Allah su bar sanduna a gida.