Ranar da Na Nome Binciken Dakta

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na yi aikin da babu wanda ya sa ni, na kuma yi shi da kyau har ya kusa mayar da ni ƙauyenmu da jaka ɗaya.

A lokacin sati uku ke nan da samun aikin tuƙi a wata cibiyar binciken tsirrai a Doha. Kafin nan shekara biyu na yi ina gadi a unguwar masana'antu ta Sanaiya, tsaye a ƙofar wani sito daga safe har ƙafafuna su daina jin magana. Wadda ta fitar da ni ita ce Dakta Sa'adatu, 'yar Funtua, da wani ɗan garinmu ya haɗa ni da ita. Ita ta tsaya mini a wurin manyanta, ta ce ta san ni, mutum ne mai hankali (yanzu za ku ji labarin hankalin). Aka ba ni wata uku na gwaji. In na yi kuskure, sai ƙofar sito, in ma ba a ba wani wurin nawa ba.

Aikin Dakta a bakin teku yake, arewa da gari, inda ƙasa ta yi fari fat da gishiri, bishiyoyi kuma suna tsaye cikin ruwan teku ba abin da ya dame su. Tana da 'yan filaye goma sha biyu a wurin, kowanne bai fi tabarmar salla biyu ba, an kafa masa turakun ƙarfe huɗu an zagaye da igiya. Sau biyu na taɓa kai ta, kuma duka biyun a mota na zauna ina shan sanyi ina latsa waya. Daga nesa nake hango ta a tsugune tana rubutu. Ban tambaya ba, domin a ganina babu abin tambaya. Ɗan manomi ya ga an kafa turke, an ja igiya, mutum ya tsuguna a ciki, ai ya san gona ce. Na yanke wa kaina cewa wani iri take gwadawa mai jure gishiri.

Sai na gaya muku wani abu game da gidanmu. Babana ya ɗauki ciyawa a gona a matsayin zagi ga mai gonar. In muka bi ta gonar maƙwabci, muna gaisawa muna tuge masa abin da ya fito a bakin kunya. Mun tashi hannunmu ba ya ganin ciyawa ya wuce, ko ta waye.

Ranar Larabar nan ana da baƙuwa, wata tsohuwar farfesa da aka ce ta ƙarar da rayuwarta a kan tsaunuka da fadamun ƙasashen sanyi tana nazarin abin da ke tsirowa a can. Dakta za ta ɗauko ta a motarta, ni kuma ta ce in yi gaba da rumfa da kujeru da ruwan sha, in kafa, in jira su. Umarni dai ga shi nan sarai, ko ɗan akuya zai gane. Cikin minti ashirin na gama, na rasa abin yi, sai ƙafa ta ja ni wajen filayen.

Abin da na gani ya ba ni kunya. An yi ruwa a hunturun nan, sai ciyayi suka samu sake. Ga wasu 'yan tsirrai masu kaurin ganye, jajaye-jajaye kamar 'ya'yan carbi, waɗanda na tabbata su ne shukar, amma ƙananan ciyayi sun kewaye su sun shaƙe, wasu har da ɗan fure rawaya don raini. Tausayin Dakta ya kama ni. Na ce kai, 'yan boko! Duk karatun nan babu wanda ya koya mata noman fari. Ga baƙuwa tana tafe daga wata duniya, ta zo ta ga gonar Bahaushiya a haka, ta koma ta ce ba mu iya noma ba? Ba da ni a wurin ba.

Babu fartanya, amma akwai ɗan gajeren shebur a bayan mota na tono taya in ta kafe a yashi. Na cire riga na rataye a madubi, na yi bismilla. Wallahi tun da na zo ƙasar nan ban ji daɗin jikina irin na ranar ba. Na nome fili na farko tas, na yi wa kowane jan tsiro huɗa, na tara ciyawar a kusurwar filin yadda Baba ya koya mana. Na shiga na biyu, na uku, na huɗu. Da na ga ƙasar ta cika gishiri, sai na buɗe robobin ruwan baƙi na yi musu ban ruwa. (Har hoto na ɗauka, ni da shebur da murmushi. Yana nan a wayata, nakan duba shi duk ranar da na ji girman kai yana taso mini.)

Ina cikin share gumi motarsu ta iso. Na dogara da shebur ina jiran yabo. Dakta ta fito tana yi wa farfesa bayani da Turanci, ta ɗaga hannu za ta nuna filayen, sai hannun ya tsaya a sama bai sauko ba.

"Malam, me ya faru a nan?"

"Ranki ya daɗe, ɗan noma na yi miki. Huɗu na samu gamawa, sauran takwas ɗin in sha Allahu kafin la'asar."

Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Zama ta yi a ƙasa, cikin lakar gishiri, da sabuwar abayarta. Ta yi salati a hankali, sannan ta yi mini bayani da muryar da ake yi wa mara lafiya magana. Babu wanda ya shuka komai a wurin. Shekara uku tana zuwa duk wata tana ƙirga abin da ya fito da kansa, wanne ke zama kusa da wanne, wanne ke fara fitowa, wanne ke fakewa a inuwar wani. Ciyawar da na tuge ita ce binciken. Mai furen rawayan nan kuwa shekara biyu tana jiran ta, sai bana ta fito a fili na uku, kuma ita ce farfesa ta hawo jirgi ta zo gani.

Na waiwaya na dubi tsibin fili na uku. Ga ta can a sama, saiwa a sararin Allah, furen ya fara langaɓewa. Na ji kamar in tona rami da shebur ɗin in shige. Maimakon haka sai na ruga na ɗauko ta na fara neman inda zan mayar.

"Khalas, ya isa! Ajiye," in ji Dakta. "Kada ka sake taɓa komai."

Farfesa ta nemi a fassara mata. Da ta ji, sai ta zagaya kunyoyina tana dubawa, ta fara dariya har sai da ta cire tabarau ta goge. Ta ce tumaki sun taɓa cinye mata fili, mota ta taɓa taka mata wani, amma ba a taɓa lalata mata aiki da tsafta irin wannan ba. Ita ce kuma ta lura ciyawar kowane fili tana kusurwarsa, ba a cakuɗa ba. Nan suka shimfiɗa takardu suka shiga tantance gawawwakin ɗaya bayan ɗaya har la'asar, ni kuma ina riƙe musu lema, ina kallon teku. Sau ɗaya na yi magana, da suka yi gardama kan wasu biyu da suka yanƙwane suka zama iri ɗaya. Na ce ba ɗaya ba ne, waccan saiwarta miƙewa take yi ƙasa, wannan kuma bazuwa take yi, hannuna ya ji bambancin wajen tugewa. Dakta ta watsa mini harara, amma ta rubuta.

Kwana uku ba a kira ni aiki ba. A ɗakinmu na unguwar Najma kuwa abokan kwana sun riga sun naɗa ni Sarkin Noman Katar, in na shigo sai a miƙe a yi mini jinjina da tsintsiya. Ni ko dariyar ba ta zuwa, don na san ba aikina kaɗai na nome ba, har da mutuncin matar da ta ce ta san ni.

Rana ta huɗu Dakta ta kira ni ofis. Ta ce lissafin shekara uku na filaye huɗu ya yanke, rubutun da take shirin fitarwa sai wata shekara, kuma ta gaya wa manyanta gaskiya ba ta rage komai ba. Amma farfesa ta ba da shawara a bar filayen yadda na yi musu, a ga abin da zai fara dawowa bayan an share ƙasa. Ana bukatar mai zuwa duk wata ya duba.

"Kai ka tuge su, kai za ka ƙirga dawowarsu. Shebur kuma ya zauna a ofishina."

Da na ba Baba labari a waya, ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni ko da gaske biyana ake yi in tsuguna in kalli ciyawa tana girma. Na ce e.

"Kada ka gaya wa kowa a garin nan," in ji shi. "Zan ce musu har yanzu gadi kake yi."

Tun daga ranar, in na ga gonar ɗan boko ta cika da ciyawa, barka nake yi masa, in tura hannuwana biyu cikin aljihu har sai na wuce.