Ranar Da Motata Ta Yi Ƙanzo A Wurin Ɗaurin Aure

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura wa ƙanena Sadiƙu aure a Tafa ba. Ko na so in manta ma, dangi ba za su bar ni ba.

Ina da wata tsohuwar motar tsere, ja, mai kujera biyu, wadda na saya a hannun wani ɗan gwanjo. Ta girme ni nesa ba kusa ba. In ta yi gurnani a titin Suleja sai ka ga 'yan acaɓa suna waige, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura. Aibinta ɗaya ne, yoyon baƙin mai. Duk inda ta kwana sai ta bar tabo, kamar yaro mai fitsarin kwance. (Matata Hauwa cewa take ba mota na sayo ba, jinya na sayo.)

Mahaifinmu ya rasu, don haka ni ne wakilin ango, ni zan karɓa wa Sadiƙu aure. Uban amarya kuma mutum ne mai tsare gida, da ƙyar da siɗin goshi ya yarda da yaron nan. Ana saura kwanaki kaɗan Sadiƙu ya same ni ya ce, "Yaya, don Allah mu ari motar maƙwabci. Kar taka ta zubar mana da mai a ƙofar gidan surukai." Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai, ni za ka koya wa fita kunya? Kafin Juma'a ko ɗigo ba za ka gani ba."

Kanikawa sun sha taɓa ta, kowa ya shafa gam inda ya ga dama, yoyo yana nan. Sai na ce wannan karon da hannuna zan yi. Na ga wani Bature a waya yana bayani: a wanke inji tas, a barbaɗa masa farar hoda, a tayar da mota, duk inda mai ke fita zai ja baƙin layi. Safiyar Juma'a na wanke injin da sabulu. Na nemi hoda a gidan, babu. Na leƙa kicin, sai ga garin masarar da Hauwa ta tankaɗe za ta yi tuwo. Fari ne? Fari ne fat. Na ce Bature da hodarsa, Bahaushe da garinsa. Ban jira inji ya bushe ba na juye masa rabin kwanon, wai ni in kaɗan zai yi amfani, ai mai yawa ya fi.

Kuma wallahi dabarar ta ci! Ina tayar da motar sai ga baƙin layi yana gangarowa daga bayan murfin saman inji. Ashe fakinsa ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin murfin da inji, ya tsage. Na garzaya wajen 'yan kayan gyara, irinsa ya daɗe da ɓacewa a kasuwa, aka yanka mini sabo daidai da tsohon. Na dawo na sa, na ɗaure notuna, yoyo ya tsaya cak. Na yi ta zagaya tsakar gida ina neman wanda zai yaba mini, har lokaci ya ƙure. Na rufe bonet, na watsa ruwa a jikina, na zura farar babbar riga. Garin kuwa na ce iska za ta kaɗe shi a hanya.

Mun yi nisa Sadiƙu ya ce, "Yaya, ba ka jin ƙamshin abinci?"

Na ce, "Yunwar angwanci ce ke damun ka."

Can ya ce, "Yaya, yanzu kuma ƙauri nake ji." Na yi kunnen uwar shegu.

Muka iso bayan an sauko daga masallaci. An kafa rumfa a ƙofar gidan, dattawa sun cika tabarmi, liman yana tsakiya. Da na faka can nesa da asirina ya rufu. Ina! Sai da na kawo ta bakin rumfa, na ƙara taka totur don kowa ya ji muryarta. Ai kuwa hayaƙi ya turnuƙe daga bonet. Wani ya kwarma ihu, "Wuta! Wuta!" Dattawa suka tattare riguna suka watse, wasu ko takalmi ba su tsaya nema ba. Wannan ya ɗebo yashi, wancan ya sungumo bokitin ruwan masu girki.

Na ɗaga bonet. Babu wuta. Garin nan ya sha ruwa, ya sha mai, ya dafu, ya kama jikin inji ya yi jawur. Ƙanzo ne sosai, irin na gindin tukunya.

Kakar amarya ta dogaro sanda daga cikin gida, ta leƙa, ta ɓamɓaro guntu ta sansana.

"Ɗan nan, masara ce ko dawa?"

Na ce, "Masara ce, Hajiya." (Har yau ban san abin da ya sa na amsa ba.)

Ta ce, "Ai da ka aiko za ka zo da tuwo, da mun kaɗa maka miya."

Dariya ta ɓarke. Na dubi Sadiƙu, ya sunkuyar da kai idonsa ya kawo ruwa, kuma wannan ya fi dariyar yi mini ciwo. Na ce shi ke nan, na kashe wa yaron nan aure. Sai ga uban amarya, mutumin da ba mu taɓa ganin haƙorinsa ba, yana dariya har hularsa ta faɗi. Da ƙyar ya ce, "Liman, a ɗaura. Gidan da har a mota ake girki, 'yata ba za ta kwana da yunwa ba."

Haka na durƙusa gaban liman, hannu baƙi ƙirin, riga duk tabon mai, na ce "Na karɓa" da wata 'yar murya da ni ma ban gane tawa ce ba.

Motar dai ba ta ƙara ɗiga ba, amma a Tafa ba wanda ya san sunana na yanka, Mai Ƙanzo suke ce mini. Da amarya ta haihu, Hajiya ta aiko wai in zo suna, amma in bar tukunyar a gida. Na dai koyi darasi: in ka gama gyara, ka share wurin aiki kafin ka fita neman yabo. Ba wanda zai ga yoyon da ka toshe, ƙanzon da ka bari kowa zai sansana.