Shida da Arba'in

A azumin shekarar da aka kawo kwamfuta ofishinmu na Gusau, ni kaɗai na iya kunna ta, sai na fara yi wa kowa kallon ɗan ƙauye. Na sa ta lissafa mini faɗuwar rana, ta dunƙule lissafin ta ba ni 6.4. Na karanta abina: shida da minti arba'in.

Gwauro nake lokacin, ina haya a unguwar Damba, a tabarmar maigidan, Alhaji Bawa, nake shan ruwa. Da ladan ya kira magariba, na ɗaga hannu na ce ya yi gaggawa.

"Malam, rana ta hwaɗi," in ji Alhaji, da dabino a bakinsa.

"Na'ura ba ta ƙarya, Alhaji."

Ba wanda ya yi musu da ni. Suka sha ruwa, suka yi salla, suka share ƙosai. Daga ranar na koma ɗaki, daga ni sai agogo sai kunun da ya huce. Ni kaɗai ne mai sahihin azumi a Zamfara, kuma ba mai yi mini barka da shan ruwa.

Sai a goman ƙarshe abin ya faɗo mini: awa na'urar ta kasa kashi goma, kowane kashi minti shida, huɗun nan minti ashirin da huɗu ne, ba arba'in ba. Na gaya wa Alhaji, kuskure na biyu ke nan.

Ya koma noma a Bungudu, amma har yau duk azumi sai ya aiko a tambaye ni ko na ba rana izinin faɗuwa.