Yaƙin Nafi'u da Furannin Juma'a

Da sunan Mai Sama muke farawa, wanda ke ba jarumi ƙarfi, wani lokaci kuma Ya hana shi hankalin riƙe ƙarfin. Wannan tarihin Nafi'u ne, ɗan Ila Mai Rediyo wanda ya yi zamaninsa yana gyaran rediyo da mari, jikan Tanko Mai Tocila wanda ya fara shanya mataccen batir a rana cikin ƙasar Funtuwa. Nafi'u Barden Madannai, Garkuwan Caja, dodon ƙwayar cutar kwamfuta, gwanin kashewa da kunnawa, malamin da ya sauke ilminsa kaf daga gajerun bidiyoyin waya yana kishingiɗe. A shagon hoto-kwafi yake aiki, kuma ko a can ɗin haɗa takardu da ƙusa ne rabonsa.

Wannan sadauki yana neman auren Rumasa'u, 'yar Alhaji Mamuda Mai Fata. An kai gaisuwa, an karɓa, sa rana kawai ya rage. Sai dai tun zuwansa zance na farko ya shaida wa gidan cewa shi injiniyan kwamfuta ne, maganar kuwa ta zauna daram.

Ana nan sai kwamfutar cinya ta Alhaji, wadda yake duba Wasaf da ita saboda rubutun waya ya yi wa idonsa ƙanana, ta kamu da nawa, ta riƙa nuna jan gargaɗi cewa cikinta ya cika. Alhaji ya aika a kirawo Injiniya.

Da manzo ya iso, Nafi'u ya yi azama, ya yi harama, ya zuba shaddarsa ta zuwa biki, ya rataya filashin kwamfuta a wuya kamar laya, ya hau acaɓa cikin izza da hamasa, ya ratsa kwata da kwararo har ƙofar gidan surukai. A nan shaja'ar ta ɗan lafa. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya shiga zaure a duƙe, ya durƙusa, ya kafa wa tabarma ido.

"Ga ta nan, Injiniya," in ji Alhaji. "Ta koma hawainiya. Ka duba mana."

"An gama, Baba."

Iyakar shawarar yaƙin ke nan. Ai mai neman aure ba ya ɗaga ido ya kalli uban yarinya, balle ya tsare shi da tambayar me ke cikin kayansa. Alhaji ya saɓa babbar riga ya tafi kasuwa, ya bar gwarzo da fagen fama.

Da Barde ya kutsa cikin kwamfutar, sai ya yi kiciɓis da rundunar abokan gaba, dubbai a kan dubbai, sahu bayan sahu: jajayen furanni masu raɓa, fararen tattabaru, masallatai masu ƙyalli, fitilu da jinjirin wata, kowanne ɗauke da tutar "Barka da Juma'a". Nan take ya tuna da karatun wani bidiyo mai cewa tarkacen hotuna ke cinye wuri. Ya gyara zama, ya naɗe hannun riga, ya kewaye rundunar gaba ɗaya da dannawa guda. Kwamfutar, wadda ita kaɗai ce mai hankali a zauren ranar, ta tambaye shi ko ya tabbata.

"Yau ko ni ko ku," in ji shi, da raɗa, don kada a jiyo muryarsa a cikin gida.

Ya danna. Furanni suka zube, tattabaru suka watse, aka yi ta ɗauki-ba-daɗi tsakanin yatsa ɗaya da hotunan da ba su rama ba. Bai tsaya nan ba, don bidiyon ya ce a bi su har kwandon shara, shi ma ya bi ya zazzage shi tas. Kwamfuta ta miƙe da gudu. Da Alhaji ya dawo ya gani, ya sa masa albarka, ya ce zai yi wa kawunnan yarinya magana a tsayar da rana. Da yammacin nan babu majalisar da Nafi'u bai ba labarin wannan gagarumar galaba ba.

Abin da gogan bai sani ba, kuma tambaya ɗaya ta isa ta sanar da shi, shi ne Alhaji Mamuda ne mabuɗin Juma'a a zaurukan Wasaf na garin. Shekara da shekaru furensa ke fara sauka bayan asuba, a zauren 'yan fata, da na tsofaffin ɗalibai, da na waɗanda suka sauke farali tare. Tara hotunan nan ya yi ɗaya bayan ɗaya, ya san na aika wa manya, ya san mai tattabara na wanda suka ɗan saɓa. Ga kuma Alhaji Ɗanjuma Mai Gishiri da ya daɗe yana haƙon wannan matsayi bai samu ba.

Juma'a ta zo, Alhaji ya buɗe taskarsa ya tarar da fili fetal. Furen Ɗanjuma ya riga kowa sauka. Kafin hantsi waya ta ɗau ruri, ana tambayar ko lafiya. Kafin a tafi masallaci an fara sallama da ledar lemo da ayaba, wani ma ya ɗora hoton Alhaji a zaure yana roƙon a sa shi cikin addu'a. Dattijo da lafiyarsa garau ya wuni yana amsa "ya jiki".

Aka sake kiran Injiniya. Wannan karon babu shadda.

"Ina furannina?"

"Baba, ai su ne cutar."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Kunya, Baba."

Alhaji ya kalli ƙeyar da aka sunkuyar masa. "Kunyar ba ta hana ka sharewa ba," ya ce. Sannan ya yanke hukunci cewa maganar sa rana ta dakata sai furanni sun koma mazauninsu.

Tun daga ranar, Garkuwan Caja ya zama maroƙin fure. Babu zauren da bai cusa kansa ba, babu gwaggo ko inna da bai bi da magiya ta turo masa na wajenta ba. In ya kai, Alhaji ya duba ya ture rabi, ya ce waɗannan na Ɗanjuma ne, shi ba ya aika kwancen wani. Rumasa'u kuwa duk Juma'a takan turo masa fure ɗaya, ba gaisuwa ba komai, ya rasa gane taimako ne ko zagi.

Makon jiya wayar Nafi'u ta kamu da nawa, ta nuna jan gargaɗi cewa furanni sun cika ta, ta tambaye shi ko ta share. Har yanzu yana nan zaune a bakin shagon hoto-kwafi da ita a hannu, yana neman wanda zai tambaya.